Maganar gina wa tsofaffi cibiya a ƙaramar hukumarmu, ku mi kuka gani?

Ɗan_Kusugu:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Akwai maganar da ta tsaya mani a rai tun jiya. Mun je zaman mazaɓa na tattara buƙatun jama'a kafin a haɗa kasafin kuɗin baɗi, toh bayan an gama maganar bohol da kwalbati da rufin aji biyu da iska ta yaye, sai kansilanmu ya ce an kawo shawara gaban majalisar ƙaramar hukuma cewa a gina wa dattawa cibiya. Ya ce ba wurin kwana bane, tsoho zai zo da hantsi ya zauna da sa'o'inshi, a auna mashi jini da suga, ya sha kunu, in an yi la'asar ya koma gidanshi. Wai kansilolin sun rabu biyu, wasu na cewa a yi, wasu na cewa a zuba kuɗin a ƙananan asibitocin mazaɓu ya fi. Wallahi kafin ya rufe baki wurin ya kaure, wani dattijo ya miƙe da sandarshi ya ce ba a haifi ɗan da zai kai shi gidan gajiyayyu ba, ya zura takalmi ya fice ko addu'ar tashi bai tsaya ba.
Ni kuma ina zaune gwaggona nake tunani. Ta kusa tamanin, mijinta ya rasu, 'ya'yanta maza biyu ɗaya na Legas ɗaya na Fatakwal, macen tana aure a Kazaure. Suna turo kuɗi, ba za a ce sun yar da ita ba, amma in ka shiga za ka same ta ita kaɗai bisa tabarma da rediyo a gefen kai, wani lokacin batir ya mutu tun shekaranjiya ba ta samu wanda za ta aika ba. In na je gaishe ta sai ta riƙe hannuna ta yi ta jan hira don kar in tashi. Toh shine nake tambaya, wannan cibiya taimako ce ko buɗe ƙofar yasar da iyaye ce?

Abu_Sadiq87:
Wa alaikumus salam. Ni dai ban goyi baya ba ko kaɗan. Wannan ɗabi'ar Turawa ce, su ne in uba ya tsufa ake kwasarshi a kai wani gida a riƙa leƙo shi shekara shekara. Mu Allah cewa ya yi in ɗayansu ko su duka biyun suka tsufa a wurinka kada ka ce masu ko "uf", ka duba Suratul Isra'i aya ta 23. A wurinka aka ce, ba a wurin ciyaman ba. Yau a ce wurin wuni ne, gobe a sa katifa, jibi ka ji yaro ya ajiye uwarshi can ya hau motar Abuja. Dattijon nan da ya fice ya yi daidai.

Jikar_Daurama:
Malam Abu Sadiq ayar gaskiya ce ba mai ja da ita. Amma ka karanta abin da Ɗan Kusugu ya faɗa kan gwaggonshi kuwa? Ai yaran sun riga sun tafi tun ba a aza bulo ko ɗaya ba. Neman abinci ne ya kai su, ba cibiya ba.

Abu_Sadiq87:
Toh su ɗauke ta mana su tafi da ita.

Jikar_Daurama:
Ka taɓa gwada ɗauke tsohuwa daga ɗakinta? Mu mun kai kakarmu Kaduna gidan yayana, ɗaki da fanka da komai, sati uku ta daina cin abinci tana cewa a maida ta kar ta mutu a garin mutane. Dole aka maido ta.

Tsohon_Hedimasta:
'Ya'yana bari in sa baki tunda da mu ake. Na yi shekara 35 ina koyarwa, na ajiye aiki, yanzu ina da 68. Muna da majalisa a gindin wani bedi a bakin layinmu, lokacin da muka fara zama mu goma sha ɗaya ne, yanzu saura mu biyar, sauran sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. Benci ɗaya gare mu da tabarma biyu, muna jin labaran BBC tare, a yi dara, in an kira salla mu tashi. Ba wanda ya gina mana wannan kuma ba mu roƙi kowa ba.
Abin da nake so ku gane shine, mu maza tsufa bai cika kulle mu ba. Muna da masallaci sau biyar a rana, ga jana'iza, ga ɗaurin aure, ga suna, ga majalisa. In ba a gan ka a sahun asuba kwana biyu ba za a biyo sawu a ji ko lafiya. Wadda ke shan wuya ita ce tsohuwa. Da can gidan gandu ne, tana tsakiyar surukai da jikoki, tana kaɗi tana sussukar gero tana yi wa yara tatsuniya. Yanzu kowane yaro ya yi aure sai ya kama haya a bayan gari ko ya tafi kudu, a bar ta da ɗaki da akuya. Don haka in za a yi wannan abu a fara tambayar mata, kar a tara mu maza a sakatariya mu yanke.
Na biyu, duk wanda ya kuskura ya rubuta "gajiyayyu" a jikin allon wurin toh ya kashe shi tun ran gini. Ni ba zan taka ba, kuma na san abokaina ba za su taka ba. Mutum ya yi aure ya aurar, ya yi wa ƙasa aiki, a ce mashi gajiyayye?

Ɗan_Kusugu:
Baba mun gode, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Wallahi a zaman jiya mata ko biyar ba su kai ba, kuma ba wadda ta yi magana.

Mai_Siminti:
Ku yi haƙuri ni zan faɗi gaskiya ko ba daɗi. Sana'ata kayan gini ce, na san yadda abin yake. Gini ake so saboda gini ne ke da kwangila. A yi fenti, a sa allo, a yanka ƙyalle, a ɗauki hoto, shikenan. A unguwarmu akwai wani gini da aka yi da sunan koya wa matasa sana'a, ni na kai masu bulo da hannuna, yau in ka leƙa ta taga kekunan ɗinki ne a jere ƙura ta rufe su, silin ya rufto, awaki ke kwana a baranda. Ko wata shida bai yi yana aiki ba. Raina na ɓaci duk ran da na wuce. Toh mi zai hana na tsofaffi ya zama haka? Wa zai biya mai gadi, wa zai sayi kunun, wa zai gyara famfo in ya lalace?

Ɗalibin_Lauya:
Ga masu cewa wannan ba aikin ƙaramar hukuma bane, a duba kundin tsarin mulki na 1999. A jadawali na huɗu inda aka jero ayyukan ƙananan hukumomi, a layi ɗaya da maƙabartu an ambaci kafawa da kula da gidajen marasa galihu da masu rauni. Sannan sashe na 16 ya ce gwamnati ta karkata manufofinta wajen samar da kulawar tsufa da fansho ga 'yan ƙasa. Sai dai shi sashe na 16 yana cikin babi na biyu ne, wanda ba ka iya kai gwamnati kotu a kanshi kai tsaye. Amma dai kansilan da ya kawo shawarar bai fita hurumi ba.

Abu_Sadiq87:
Ka gani ko? Marasa galihu aka ce. Wanda bai da kowa. Wannan ban ƙi ba, ko a Kano akwai irinshi a Shahuci tun da daɗewa. Abin da na ƙi shine mai 'ya'ya a raye a ce hukuma ce za ta ɗebe mashi kewa.

Nas_ɗin_Karkara:
Ni ma'aikaciyar lafiya ce a ƙaramin asibiti, shekarata goma sha huɗu a bakin aiki, bari in faɗa maku abin da idona ke gani. Tsoho ba ya zuwa asibiti sai abu ya ci ƙarfinshi. Hawan jini ba ya ciwo, mutum zai yi shekaru da shi yana zuwa gona, ranar da za a kawo mana shi a kan amalanke ko a keke napep baki ya karkace ɓari ɗaya ya shanye. In ka tambaya sai a ce ai an taɓa ba shi magani ya sha na wata ɗaya ya ji sauƙi ya bari. Ba wanda ya zaunar da shi ya ce Baba wannan maganin ba a dainawa. Haka suga, sai ƙafa ta yi gyambo ta ƙi warkewa sannan a zo. Haka yanar ido, aiki ne na ɗan lokaci mutum ya koma yana gani, amma sai ka ga tsohuwa ta shekara uku jika na jan ta da sanda an ce ai tsufa ne.
Akwai wata baba da ba na mantawa da ita. Gigin tsufa ya kama ta, takan fita da tsakar rana tana neman gidan ubanta wanda ya rushe tun kafin a haife ni, yaran unguwa na bin ta suna tsokana, har wasu manya suka fara cewa mayya ce. Ranar da aka kawo ta wurinmu ƙafafunta duk ƙaya, leɓenta ya bushe don ƙishirwa, na ba ta ruwa a kofi ta riƙe da hannu biyu tana kirana da sunan ƙanwarta. Ciwo ne na ƙwaƙwalwa, ba maita ba, ba aljanu ba, amma wa ya taɓa gaya wa mutanen unguwar?
Toh ni a ganina ba sai an yi sabon gini ba. A ware rana ɗaya a sati a kowane asibitin mazaɓa a ce ranar dattawa ce, a yi rumfa mai kyau da benci mai jingina, a gyara banɗaki ya zama tsoho na iya tsugunawa ya tashi da abin dafawa, a kawo maganin hawan jini da na suga kyauta ko da rangwame. Na'urar awon jini da ta suga ba wani kuɗi bane in aka kwatanta da gini. Hirar ma a rumfar za a yi ta, ai mun gani ranar awon ciki yadda mata ke mayar da wurin dandali.

Mai_Siminti:
Hajiya nas kin gama magana. Wannan shine abin da ɗaya ɓangaren kansilolin ke faɗa kuma ni ina bayansu.

Ummu_Hanifa:
Ni dai maza ku ji tsoron Allah in kuna cewa "mu muke riƙe iyayenmu". Wa ke riƙewa? Uwar mijina shekara biyu da rabi kenan tana kwance tun da ɓarin jikinta ya shanye. Ni ke juya ta cikin dare kar bayanta ya yi ciwo, ni ke mata wanka, ni ke canza famfas, ni ke dama kunu in ba ta a cokali, ga yara huɗu ga goyo. Mijina mutumin kirki ne yana sayen magani yana shigowa safe da yamma ya gaishe ta, amma in ya fita kasuwa sai magariba. Ina yi don Allah kuma ina sonta, ita ta riƙe ni lokacin da na haifi ɗan fari ta yi mani wankan jego kamar uwata. Amma wlh tun da ta kwanta ban je gidanmu na wuni ba, ko rasuwar kawuna gaisuwar tsaye na yi na dawo. Ita ba za ta iya zuwa wata cibiya ba ko an gina, don haka abin da nake roƙo in kuɗin nan akwai su a ɗauki mata a koya masu jinya su riƙa zagayawa gidaje, ko sau ɗaya a sati wata ta zo ta duba ta, ta nuna mani yadda ake ɗaga mutum ba tare da bayana ya ƙage ba. Masu kwance a ɗaka sun fi masu iya fita buƙata.

Jikar_Daurama:
Allah ya saka maki da Aljanna 'yar uwa. Na karanta da hawaye.

Abu_Sadiq87:
Allah ya biya ki Hajiya. Wannan kam ban da ta cewa, kuma aikin da kike yi a kan ɗanta ya wajaba, ke kyautatawa kike.

Na_Ƙofar_Sauri:
Ku mutanen ƙasar Daura ku gode wa Allah kuna da zaman lafiyar da za ku yi gardamar cibiya. Ku zo cikin Katsina ku ga tsofaffin da 'yan bindiga suka koro daga ƙauyukan Batsari da Jibiya da Safana. Mutum da gonarshi da shanunshi da rumbunshi, yau yana bakin masallaci yana miƙa hannu yana sunkuyar da kai don kunya. Akwai wani da nake ba sadaka ran Juma'a, ya ce mani shi da ya saba fitar da zakkar gero dami dami. Irin waɗannan abinci da wurin kwana suke nema ba wurin hira ba.

Matashi_Mai_Kishi:
Duk laifin shugabanni ne. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 wa ke iya riƙe kanshi balle ya riƙe tsoho? Kuɗin mota daga Legas zuwa gida ya isa ya hana yaro zuwa ganin uwarshi ko da salla.

Sarkin_Yara_Boy:
Kai kuma komai sai ka kawo siyasa. Kafin 2023 ɗin tsofaffi a Aljanna suke?

Matashi_Mai_Kishi:
Ban ce haka ba amma ka je kemis ka tambayi kuɗin maganin hawan jini da da yanzu sannan ka dawo mu yi magana.

Admin_Zaure:
Dan Allah a tsaya kan maudu'i. Maganar jam'iyya a kai ta wani fostin. Na Ƙofar Sauri maganarka abin dubawa ce, Allah ya kawo mana ƙarshen wannan masifa.

Tsohon_Kansila:
Na taɓa zama a irin wannan kujera, bari in ɗan yi bayanin yadda kuɗin ke tafiya don Mai Siminti ya taɓo wurin. Kasafi kashi biyu ne, akwai na manyan ayyuka akwai na yau da kullum. Gini yana shiga na farko, sau ɗaya za a fitar a gama, shi ya sa yake da sauƙin wucewa a majalisa, kuma kowa na son abin da zai nuna wa mazaɓarshi da yatsa. Albashin ma'aikaci da kuɗin magani da man janareto suna cikin na biyu, kowane wata sai an nemo su, kuma nan ne aljihun ƙaramar hukuma ya fi ƙunci domin albashin malaman firamare da na ma'aikatan lafiya da na sakatariya ke cinye mafi yawa, balle yanzu da mafi ƙarancin albashi ya koma naira dubu 70 tun 2024. Kotun ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yulin 2024 cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, mun yi murna, amma aiwatarwar tafiyar hawainiya take.
Toh shawarata ga Ɗan Kusugu, in kun koma zama kar ku tsaya kan a gina ko kar a gina. Ku tambayi kansila, a wane layi na kasafi aka sa kuɗin tafiyar da wurin na shekara? Ma'aikata nawa, daga wane sashe za a ɗauko su? In ya kasa amsa wannan toh kango za a yi maku. Sannan ƙaramar hukuma ba cikin gari kaɗai bace, gini ɗaya kusa da sakatariya tsohon da ke ƙauye mai nisa mi zai amfana da shi?

Ɗan_Kusugu:
Ranka ya daɗe na rubuta tambayoyin nan a takarda. Na gode ƙwarai.

Bahaushe_a_Ingila:
Ina so in gyara wa Malam Abu Sadiq abu ɗaya cikin girmamawa. A nan abu biyu ne daban. Akwai gidan da tsoho ke komawa da zama gaba ɗaya, wannan ni ma ba na yi wa iyayena fatan shi, na yi aiki a ciki na ga mutanen da ke wata ba wanda ya leƙo su. Akwai kuma wurin wuni, mota ta ɗauko tsoho da safe ta maido shi da yamma, kuma dalilin yin shi ma shine don mutum ya ci gaba da zama a gidanshi cikin iyalinshi, mai jinya ta samu ta numfasa kamar yadda Ummu Hanifa ke nema. Har masallatai a nan suna yin irinshi wa tsofaffin Musulmi, maza ranarsu daban mata daban. Amma gaskiyar Tsohon Kansila ce, motar da ma'aikatan su ne abin, ba ginin ba.

Abu_Sadiq87:
Na ji bambancin. Amma can ba su da majalisa ba su da zumunci shi ya sa suka ƙirƙiro. Mu a gyara zumuncin mana.

Malama_Islamiyya:
Zumuncin wa zai gyara shi Malam, kuma kafin a gyara su gwaggon Ɗan Kusugu su yi ta zama? A islamiyyarmu muna da ajin iyaye mata Asabar da Lahadi da safe, akwai masu shekara saba'in a ciki. Wata ta fara daga Fatiha yanzu tana izu uku, in ta kawo hadda daidai sai ta yi ta dariya kamar yarinya. Da yawansu na san rabin abin da ke kawo su karatu ne rabi kuma ganin juna, in an tashi sai su yi awa ɗaya a gindin bishiya ba su watse ba, a nan ake jin wadda ba ta da lafiya a haɗa ɗari bibbiyu a je dubiya. Ba wanda ya taɓa cewa 'ya'yansu sun yar da su don sun zo makaranta. Toh in nas za ta riƙa zuwa nan da abin awonta sau ɗaya a wata, a sa mana sola da fanka saboda zafin bazara, a samu keke ɗaya mai ɗauko masu ciwon gwiwa, ai cibiyar ta samu.

Ustaz_Mazoji:
Ina ƙara wa Malam Abu Sadiq da cewa wajibcin da ke kan ɗa bai sauke na shugaba ba. Sananniyar ruwaya ce Sayyidina Umar ya ga wani tsoho Bayahude yana bara, ya ce ba mu yi mashi adalci ba in mun karɓi jiziya a hannunshi yana da ƙarfi sannan mu yasar da shi da ya tsufa, ya sa aka yanka mashi abin masarufi daga baitulmali. Wanda ba Musulmi ba kenan. Kuma ƙofar wakafi a buɗe take, jiharmu na da hukumar zakka da wakafi, masu hali na garin nan in ɗaya ya tsayar da shago biyu ya ce kuɗin hayarsu na maganin tsofaffi ne har abada, ya fi ƙarfin canjin ciyaman.

Sarkin_Yara_Boy:
Ai ma akwai cibiyar dattawa ta ƙasa a Abuja, marigayi Baba Buhari ne ya sa hannu a dokarta a 2021. Mi zai hana a nemi su shigo ciki tunda garinshi ne?

Ɗalibin_Lauya:
Ɗan gyara kaɗan, dokar ta 2017 ce, ya sa mata hannu a Janairun 2018, a 2021 ne aka naɗa shugabanninta ta fara aiki. Allah ya jiƙanshi. Neman haɗin kansu ba laifi bane. Kuma akwai wata hanyar da wasu jihohi suka bi, Ekiti a 2011 zamanin Fayemi ta fara ba tsofaffi 'yan 65 zuwa sama marasa ƙarfi naira 5,000 duk wata. Maƙwabtanmu Jigawa ma Sule Lamido ya yi wa naƙasassu naira 7,000 a wata tun 2007. Kuɗi a hannu kenan ba gini.

Mai_Siminti:
Kuɗi a hannu kuma sai a cika lis da 'yan uwan masu rubutawa, ka ga ɗan shekara arba'in ya zama tsoho a takarda.

Nas_ɗin_Karkara:
Wannan matsala ce ta gaske domin yawancin tsofaffinmu ba su da takardar haihuwa. Ni in zan cike kati sai in tambaya, Baba lokacin da Sarauniyar Ingila ta zo a 1956 an haife ka? Ko lokacin farin 1973 kin yi aure? Da haka nake kintata. Amma mai unguwa da liman sun san kowa, in da su aka yi lis ɗin a bainar jama'a a ƙofar masallaci ƙarya za ta yi wuya.

Tsohon_Hedimasta:
Tunda an zo maganar kuɗi bari in ƙara. Mu 'yan fansho abin da ya fi ci mana rai shine tantancewa. Na taɓa wuni a layi a wani ofis tun bakwai na safe, rana ta take, ba benci ba ruwa, wani abokina mai ciwon suga ya yanke jiki ya faɗi a gabana muka yi ta yi mashi fifita da fayil. Ranar na yi kuka a zuci. In wurin da za a gina zai zama inda ma'aikaci zai zo ya same mu a zaune a inuwa ya tantance mu, ya taya wanda bai iya waya ba gyaran lambar NIN da matsalar banki, toh ni zan je, kuma zan ja abokaina huɗu.
Wani abu kuma, kar a ɗauka tsoho baki ne kawai da za a ba kunu. A majalisarmu akwai wanda ya san tarihin kowace unguwa a garin nan da yadda ake hawan Sallar Gani tun yana yaro yana riƙe linzami, akwai baduku da ba wanda ya gaji hannunshi. Ga ɗalibai cike da gari, ga kwalejin Yusuf Bala Usman ga foliteknik ga jami'ar sufuri. A kawo su su zauna gabanmu da biro da waya su ɗauka kafin mu tafi da shi.

Jikar_Daurama:
Baba wannan ta taɓa ni. Kakata ta rasu da waƙoƙin daɓe da na niƙa cike da kanta, ko ɗaya ban riƙe ba.

Abu_Sadiq87:
Ni har yanzu ina kan bakana game da sabon gini mai allo, domin na san halin mutanenmu, wani zai samu hujja. Na islamiyya da na ranar asibiti da masu zagaya gidaje ban ƙi ba.

Na_Ƙofar_Sauri:
Ni kuma ina nan kan cewa wanda ke kwana da yunwa a fara da shi.

Ɗan_Kusugu:
Jama'a na dawo daga wurin gwaggo yanzun nan, na kai mata batir da fura na karanta mata wasu daga cikin maganganunku. Da na zo kan na Ummu Hanifa ta yi shiru ta ce Allah ya yi wa yarinyar nan albarka. Sai na tambaye ta kai tsaye, Gwaggo in an yi wurin za ki je? Ba ta ce eh ba ba ta ce a'a ba, cewa ta yi su wa da wa za su je. Na lissafo mata ƙawayenta biyu da suka rage, ɗaya rabon su da haɗuwa tun wani suna bara waccan alhali tsakaninsu bai fi tafiyar minti goma a keke ba. Ta ce toh wa zai kai ni, gwiwar nan ko bakin titi ba ta kai ni. Sannan ta ce kar in gaya wa yaranta ta ce tana jin kaɗaici, kar hankalinsu ya tashi a can.
Na yi mata alkawari ran Juma'a zan ɗauko keke in kai ta gidan ƙawar tata. Zaman mazaɓa na gaba kuma zan je da tambayoyin Tsohon Kansila.

Malama_Islamiyya:
Ka sanar da mu ranar zaman da wuri dan Allah, zan zo da iyayen ajinmu ko mutum goma ne su faɗa da bakinsu. Da safe ake yi ko da yamma? In da yamma ne sai mun nemi masu rako su.